Mace Ita Ce Golar Gida

Yau na zo muku da labarin wasa, wasan ma ba irin namu na ƙwallon ƙafa ko dambe ko langa ba, wasan Turawa ne da ake yi a kan ƙanƙara, wanda suke kira hoki. Na san wata za ta ce me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan filin zamantakewar aure da wasan ƙanƙara? To ki yi haƙuri ki biyo ni, in na kai ƙarshe sai ki yi mini hukunci.

Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallo, ko da a filin unguwa ne, ya san in an ci ɗan gaba ake ɗagawa sama, in kuwa an sha kashi gola ake zagi. Haka gidan aure yake a wurinmu. Yaro ya yi ƙoƙari a makaranta, ɗan babansa ne. Ya lalace, uwarsa ce ba ta iya tarbiyya ba. Arziki ya shigo, maigida ya iya nema. Ya ƙi zama, matar ce mai farar ƙafa. Haihuwa ta yi jinkiri, ba a ma tsayawa tambaya, an san wadda za a kalla. Wannan magana ni a ƙasar Amurka na gane ta sosai, a cikin wata shida da na yi ina bin wata ƙungiyar ɗalibai.

A watan Agusta na 2006 na bi maigidana birnin Miniyafolis da ke jihar Minisota, inda yake karatu. Aurenmu bai cika shekara ba a lokacin. Jama'a, zaman waje daɗinsa a hoto yake. Malam zai fita tun da safe, ba zai dawo ba sai dare ya raba, ya dawo a gajiye ya ci abinci ya kife kai a kan takardu. Babu maƙwabciyar da za ta leƙo aron maɓurgi, babu almajiri, babu mai tallan ƙosai, babu ko kukan akuya. In kun sami saɓani ma ina za ki yi yaji? Gidanku yana bayan teku. Abin da ke ɗan sanyaya mini rai shi ne unguwar Somaliyawa da ke kusa da jami'a, inda nake sayo naman halal in ji ana sallama, in ga mata da hijabi.

A benenmu akwai wata dattijuwa Baturiya wadda mijinta ya rasu. Ita ce ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ta ce ita da marigayin sun yi shekaru masu yawa suna da kujeru biyu a filin hoki na Jami'ar Minisota, yanzu gwiwa ta hana ta zuwa kullum, ba ta kuma son kujerun su zauna babu kowa. Da na gaya wa Malam sai ya yi dariya ya ce, "Amarya, mu da ko ƙanƙarar sanya wa zoɓo sai mun saya, ina mu ina wasan ƙanƙara?" Amma da ya ji cewa a cikin sababbin 'yan wasan bana akwai wani yaro Kyle Okposo, haifaffen birnin Sen Fol, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, sai ya gyara zama ya ce, "To ai kuwa dole mu je mu ga ɗanmu."

Ranar da muka fara zuwa muna cikin azumi, domin a shekarar azumi ya kama daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Muka sha ruwa da dabino da shayi a gurguje, muka yi magariba, muka kama hanya. Filin sunansa Mariucci, an buɗe shi a 1993, yana ɗaukar mutum wajen 10,000. Ina shiga sanyi ya daki fuskata kamar an buɗe firji. Ko'ina ka duba launi biyu ne, ja mai duhu kamar zoɓo da ruwan zinare, su ne launukan ƙungiyar. Sunanta kuwa Gofas, wato sunan wata 'yar dabba mai haƙa rami mai kama da kurege. Na ce wa Malam, "Duk zaki da damisa ba su ishe su ba sai kurege?" Ya ce, "Kin manta kurege ya fi kowa wayo a tatsuniya."

Bari in ɗan bayyana muku yadda wasan yake. Fili ne na ƙanƙara sumul, tsawonsa ƙafa 200, an kewaye shi da katako da gilashi. Kowane ɓangare mutum 6 ne, biyar a fili, ɗaya gola. Takalmansu akwai wani ƙarfe a ƙasa mai kaifi kamar wuƙa, da shi suke sulalewa da gudun da ya fi na keke. Kowa yana riƙe da doguwar sanda mai lanƙwasa a baki. Ƙwallon kuma ba zagayayya ba ce irin tamu, wata baƙar roba ce mai tauri, shimfiɗaɗɗiya kamar murfin gwangwani, faɗinta inci 3, kaurinta inci 1, har daskarar da ita ake yi kafin wasa don kada ta riƙa tsalle. Ana yin zango uku, kowanne minti 20, a tsakani wata mota mai suna Zamboni ta fito ta kankare filin ta zuba ruwa ya sake daskarewa. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya wuce kamar minti ɗaya a ciki, sai ya tsallake katako wani ya shiga, wasa bai tsaya ba. Wanda ya yi laifi kuwa akwai wani ɗan keji da ake zaunar da shi minti 2, 'yan uwansa su yi ta fama su huɗu da mutum biyar. Malam ya sa wa kejin suna gidan kaso.

Mutum ɗaya ne a ƙa'ida ba ya samun wannan hutun, shi ne gola. Yana tsaye a bakin raga tun daga farko har ƙarshe, an lulluɓe shi da sulke kamar dokin sarki ranar hawan daushe, ana ta jifansa da wannan baƙar roba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, kafin a fara wasa sai duk 'yan ƙungiya su taru a bakin ragarsa su kewaye shi. In an tashi kuma, wurinsa suke nufa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya dafa masa kai, wancan ya ɗan buga masa sanda a sulken ƙafa. Na tambayi dattijuwar nan dalili, ta ce haka al'adar wasan take, kuma ta ƙara da cewa, "Kafin ƙwallo ta iso wurinsa, ai mutum biyar ta wuce."

A tsarin jami'o'i, yawanci wasa biyu ake yi a mako da ƙungiya ɗaya, daren Juma'a da daren Asabar. Wannan ya zama mana alƙawari. Malam da ba ya dawowa sai dare, ranar Juma'a tun la'asar yana gida yana cewa in yi sauri. In ƙungiya ta yi tafiya, ko ranar da dattijuwa ta ba jikokinta kujerun, sai mu kalla a talbijin, ni da shi da kwanon gyaɗa. Muka sami abin hira wanda ba kuɗin haya ba, ba kuma saƙon 'yan uwa ba. Mutumin da nake ganin miskili ne, sai ga shi yana tsalle yana cewa, "Buga mana, ɗan Nijeriya!" Yaron kuwa bai ba mu kunya ba, a shekararsa ta farko ya ci ƙwallo 19.

Ƙungiyar ta shigo shekarar da tabo, domin a watan Maris na 2006 wata ƙaramar makaranta mai suna Holy Cross ta fitar da su daga gasar ƙasa, abin da ya zama abin gori a gari. Wasan farko na sabuwar kaka ma Jami'ar Maine ta doke su. Amma daga nan sai Allah ya buɗe musu, suka jera wasa 22 ba wanda ya kayar da su. Kocinsu Don Lucia ne, wanda ya ci musu kofin ƙasa a 2002 da 2003. Akwai Erik Johnson, wanda shi aka fara zaɓa a duk cikin matasan da ƙungiyoyin ƙwararru suka ɗauka a 2006, shi kuma Okposo shi ne na 7. Akwai Alex Goligoski a baya, akwai wani dogo Blake Wheeler a gaba. Ni da ban san kowa a garin ba, sai ga ni na haddace sunaye da lambobin riguna kamar ƙannena.

A cikin wannan daɗi ne Allah ya ba ni juna biyu. Lokacin Disamba ta kama, rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi, dusar ƙanƙara ta rufe gari fari fat, amma ni a zuciyata damina ce. Malam ya kasa haƙuri, ranar babbar salla ya buga waya gida ya shaida wa mutanensa.

Hausawa suka ce rana dubu ta ɓarawo, ni kuwa na ce rana dubu ta murna, rana ɗaya ta jarrabawa. A cikin Janairu na 2007 cikin ya zube. Ba zan tsawaita a nan ba, duk macen da ta taɓa gani ta san abin da nake nufi, wadda ba ta gani ba Allah ya tsare ta. Likita ta zaunar da mu ta yi mana bayani cewa da yawa daga ɓarin farkon ciki daga yadda halittar ta fara haɗuwa ne tun asali, ba tafiya ke jawo shi ba, ba sanyi ba, ba kuma wani abu da uwa ta ci ko ta ɗauka ba. Muka ce Allah ya sa mai ceto ne.

Bayanin likita dai bai ƙetare teku ba. Kwana uku tsakani yayar Malam ta bugo waya, ni na ɗauka. Bayan ta yi mini sannu sai ta ce, "To ai dama mun ji labari, an ce kullum kina yawon gidan wasa cikin ƙanƙara kamar ba matar aure ba. Mace mai ƙaramin ciki ina ita ina wannan? Sai a kiyaye gaba." Na ce, "To Yaya, na gode." Na ajiye waya na shiga ɗaki. Maganar ta zaga dangi, har Ummata ta ji, ta bugo tana tambayata cikin sanyin murya ko gaskiya ne. Malam ya san an yi wayar, ya san abin da aka faɗa, amma ya yi shiru. Ba mugunta ba ce, shi ma ciwon yana cinsa, kuma yayarsa ce da ta goya shi, nauyinta yake ji. Sai dai shirun nan ya fi mini maganar zafi. Muka koma gidan jiya, ya fita da safe, ya dawo da dare. Na fara lissafin kuɗin jirgi a zuciyata, na ce in na tafi ganin gida ba lallai in dawo ba.

Kamar an haɗa baki, ita ma ƙungiyar sai ta fara tangaɗi. A tsakiyar watan Jami'ar Wiskonsin, masu riƙe da kofin ƙasa na 2006, suka karya musu wannan dogon jeri. A ƙarshen watan kuma manyan abokan hamayyarsu, Jami'ar Dakota ta Arewa, suka zo har gida. Waɗannan kuwa tsakaninsu da Gofas sai dai a ce wuta da auduga, kuma a shekarar suna da gwanaye irin su Jonathan Toews da T.J. Oshie da Ryan Duncan. Ranar Juma'a suka ci mu. Ranar Asabar ina kwance a doguwar kujera, Malam ya kunna talbijin ba tare da ya ce mini komai ba, ya zauna can gefe.

A wannan dare aka yi abin da har yau ake nunawa. Wani ɗan bayan Dakota, Robbie Bina, lokacin nasu ɗaya yana gidan kaso, ya make ƙwallo daga can kusa da ragarsu don kawai ya kore ta. Ta taho tana tsalle a kan ƙanƙara tafiyar ƙafa wajen 180, ta yi wani tsalle na ƙarshe ta wuce golanmu ta faɗa raga. Fili ya yi tsit. Aka yi ta maimaita hoton, daga gaba, daga baya, daga sama. Yaro matashi yana tsaye shi kaɗai, mutum dubu goma sun zuba masa ido, kowa ya manta da duk waɗanda ya tare tun Oktoba. Wallahi ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba, kukan da ban yi a asibiti ba shi na yi a daren. Na ce, "Malam, dubi yadda aka bar shi shi kaɗai." Ya juyo ya dube ni ya daɗe, bai ce uffan ba. Da aka tashi, an sake cin mu, 'yan wasa suka nufi bakin raga kamar yadda suka saba. Malam ya kashe talbijin ya taso ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya dafa kaina ya ce, "Amarya, ki yafe mini. Su yara ma sun san inda ake zuwa in an sha kashi."

Washegari da hantsi, lokacin yamma ta yi a gida, ya ɗauki waya a gabana ya kira yayarsa. Ya gaishe ta da ladabi kamar yadda ya saba, ya tambayi yara, sannan ya ce, "Yaya, maganar da ake yi a kan iyalina ta iso ni. Wurin wasan nan ni nake kai ta, da izinina take fita, kuma a gefena take zama. Likita ta ce babu hannun kowa, abin daga Allah ne. In akwai mai laifi a riƙa kirana ni, don Allah kada a sake kiranta da wannan magana." Ya kira Ummata ita ma ya faɗa mata haka, har ta yi ta sa masa albarka. Minti biyar bai cika ba duka wayoyin, amma su suka riƙe aurena. Yayar tamu kuwa daga baya ita ta aiko mini da kuka da daddawa da yaji, yau babu wadda nake shiri da ita a dangin kamarta.

A cikin Fabrairu, ana sanyin da ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili, na sa rigunan sanyi uku na ɗora hijabi muka koma Mariucci. Ƙungiyar ta farfaɗo ta ƙare a kan gaba a rukuninta. Ranar 17 ga Maris aka yi wasan ƙarshe na kofin rukuni a Sen Fol, da wa? Da Dakota ta Arewa. Aka tashi 2 da 2, aka shiga ƙarin lokaci, inda duk wanda ya fara ci shi ke nan an gama. Sai ga Blake Wheeler ya bi wata ƙwallo da kowa ya ɗauka ta tsere masa, ya yi sufa ya kife rub da ciki, yana sulalewa ya kai mata sanda, ta tashi ta bi ta saman gola ta shige. A ɗakin dattijuwar nan muka kalla, ta manta da ciwon gwiwa ta miƙe ta rungume ni, Malam kuwa ya zubar da shayi a kafet ɗin mutane.

Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Mako guda bayan nan aka tafi gasar ƙasa a birnin Denba, wadda ƙungiyoyi 16 ke shiga, wanda aka ci sau ɗaya ya tafi gida. Makarantar sojan sama ta kusa maimaita mana abin Holy Cross, suna gaba da 3 da 1, sai yaranmu suka ci uku a zangon ƙarshe. Washegari sai ga Dakota kuma. Aka sake shiga ƙarin lokaci, wannan karon Chris Porter ya ci musu, 3 da 2. Kakar ta ƙare ke nan, kofin ƙasa kuma Jami'ar Jihar Mishigan ce ta ɗauka a watan Afrilu. Na ga yaran nan sun taru a wurin golansu, sannan suka jera suka yi musabaha da waɗanda suka fitar da su. Na ji ba daɗi, amma ban yi kuka ba. Malam ya ce, "Allah ya kai mu baɗi." Na ce amin, kuma na san da ni za a yi baɗin.

Yau abubuwa da yawa sun canza. Gofas sun bar wancan rukuni tun 2013, Don Lucia ya sauka a 2018. Okposo ya bar jami'a a Disamba ta 2007 ya shiga wasan ƙwararru, ya yi shekaru yana nema, sai a 2024 ya ɗaga babban kofin Stanley tare da ƙungiyar Florida, daga nan ya yi ritaya. Mu kuma mun dawo gida, Allah ya azurta mu da 'ya'ya uku, babbar har ta shiga jami'a.

Don haka kirana ga iyayen gida maza. Matarka tana tsaye a bakin raga dare da rana, ba canji, ba hutu, tana tare abubuwan da ba ka ma san an jefo ba. Rana ɗaya wata za ta wuce ta, ko ɓari, ko rashin lafiyar yaro, ko wata asara, kuma dangi za su juyo su kalle ta. A wannan rana ba atamfa take buƙata ba, ba sarƙa ba. Ka taso ka zo inda take, ka kuma buɗe baki ka faɗa wa naka mutanen cewa ku biyu ne a filin, cikin ladabi, ba tare da ka ci mutuncin kowa ba. Ku kuma surukai da dangin miji, kafin ku ɗauki waya ku tuna kuna da 'ya'ya mata a gidan wasu. 'Yan uwana mata, ku nemi wani abu na halal da za ku riƙa yi tare da mazajenku duk mako, ko karatu ne, ko ziyara, ko kallon wasa, domin ranar da baki ya yi nauyi, wannan abin shi zai buɗe ƙofar magana.

Allah ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.